Huɗu Da Rabi

Da yatsu biyu uwar miji ta ɗaga zanen, ta leƙa jaririn, ta saki.

"Wai kilo biyu da ɗigo uku," ta ce wa matan da suka cika ɗakin. "Ɗan kyanwa ma ya fi haka. Ni nawa huɗu da rabi na haife shi, katinsa na nan a akwatina. Jininmu ba ya fid da irin wannan. A dai bincika."

Maganar ta sauka a ƙirjin mai jego kamar dutsen guga. Mijinta mai walda ne, ƙato, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar yaron ba. In ya dawo aiki sai ya tsaya bakin gado yana ƙare wa hancinsa kallo, kamar mai neman fuskar wani namijin.

Kwana ashirin tana haɗiyewa. Ranar awo ta durƙusa har ƙasa a gaban uwar mijin.

"Mama, ara mini katin nan in nuna a asibiti."

"Kai musu, su ga abin da ake kira haihuwa."

* * *

Tsohuwar nas ta gyara tabarau, ta juya katin da ya yi ja don tsufa, sai ta tuntsire da dariya.

"'Yata, sikelin wancan zamanin da laba yake awo, ba kilo ba. Laba huɗu da rabi ai kilo biyu ke nan. Ɗanki ya fi ubansa nauyi. Sau da yawa yadda aka haifi iyaye haka ɗa yake biyowa."

"Rubuta mini a bayan katin, Anti. Da manyan baƙi."

A hanya ta yi ta lissafi. Uwar mijin ba ta iya karatu ba, gaskiya ne. Amma ita ta haife shi, ita ta riƙe shi a tafin hannu. Hannu ba ya mance nauyin ɗa. Ta sani sarai.

Tana iya nuna wa mijin a ɗaka, magana ta mutu. Ta ƙi. Ta jira har matan nan suka sake zuwa dubiya, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kira shi daga ƙofar gida.

"Maigida, kai ka yi makaranta. Karanta wa Mama, da ƙarfi, kunnenta ya yi nauyi."

Ya karanta. Da ya zo kan "kilo biyu" sai ya tsaya.

"Af!" in ji wata tsohuwar maƙwabciya, tana tafa hannu. "Ai na tuna! A kwalin takalmi aka kwantar da shi, da auduga!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Mai jego ba ta yi ba.

"Mama, ke da kika haifi na kwali, wa aka bincika?"

"Wata uku kakarsa, uwar mijina, ba ta amsa gaisuwata ba," in ji uwar miji, a hankali, ba wanda take kallo.

Mijin ya miƙo hannuwa zai karɓi yaron. Mai jego ta gyara wa yaron zane, ta manna shi a ƙirjinta.

Uwar miji ta tashi da kyar. A bakin ƙofa ta sunkuya tana lalube cikin takalman baƙi, ƙafa ɗaya a sanye, ɗaya a ƙasa. Mai jego tana hango ɗayan takalmin a ƙarƙashin kujera. Ta ci gaba da jijjiga ɗanta.