Hutun Mai Rediyo

Abin da Kabir Bakori yake kira hutu, in gaskiya za a bi, bauta ce. Shekaru sun haura goma yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, kuma duk shekara da zarar an ba shi makonninsa sai ya tattara iyali da akwatunan tsaraba, su kulle gidansu na garin Lanham, kusa da Washington, su nufi Bakori. Can kuwa daga gaisuwar mutuwa sai barkar haihuwa, daga nan sai sulhun 'yan'uwa a kan iyakar gona. Ya dawo a rame, abokan aiki suna ce masa sannu da hutawa. Matarsa Aliyya, wadda take aikin jinya a wani asibiti a Maryland, ta sha faɗa cewa ita sai ta koma bakin aiki take samun sararin miƙe ƙafa.

Babbar 'yarsu Asma ce ta tayar da zancen. Ta gama sakandare, kuma da kaka za ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa. Suna cin tuwo ta ajiye cokali, ta ce cikin Hausarta mai ɗingishi, "Baba, sau ɗaya dai kafin in tafi, mu je inda ba mu da dangi."

Ƙannenta biyu suka kwashe da dariya. Aliyya ba ta yi dariya ba, ta dai dubi mijinta, irin duban da mata suke yi idan an faɗi abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Kafin wata ya ƙare an kama musu masauki a wani otal na bakin teku a tsibirin Jamaika.

Sai maganar gida. Kabir ya juya ta, ya sake juyawa, ya rasa bakin da zai faɗa wa mutanen Bakori cewa bana ba zai zo ba, zai je ya kwanta a kan yashi. Yashi? Ai ga shi nan a rafin bayan gari, ba mai hana ka. Don haka ya yanke shawarar ya yi gum, in ya dawo ya ce aiki ne ya yi yawa.

Mahaifiyarsa ma, Inna, bai ga abin da zai dame ta ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da yana yaro "wancan" ne, da ya girma ya zama "mai rediyo". In ya keto duniya ya zo ya durƙusa a gabanta, bango take kallo, ta ce "lafiya lau," ta tashi ta tafi duba awaki. In ya buga waya, kafin ya gama gaisuwa ta miƙa wa ƙanensa Almu. Kabir ya san al'ada ce, kowane Bahaushe ya sani. Amma abin da kai ya sani ba kullum zuciya take yarda da shi ba, kuma a can ƙasan ransa ya daɗe da ɗauka cewa zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne a wurinta.

Suka sauka a tsibirin bayan ƙaramar Sallah. Ranar farko Kabir ya ba iyalinsa kunya iyakar iyawarsa. Ya fito bakin ruwa da kaftani da hula, yana bin Turawan da suke kwance suna gasa kansu a rana yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don shi bai iya wuce mutum ba sallama ba. A wurin cin abinci ya tsare mai dafuwa da tambayoyi a kan kowace tukunya, ko da naman alade a ciki, har mutumin ya gaji ya ja shi gaban kifi ya ce ya tsaya nan. Ya tambayi inda mai otal ɗin yake don ya je ya yi masa ban-gajiya, Asma ta rufe fuska da tawul.

Amma a rana ta biyu abin ya kama shi. Ya kwanta a inuwar kwakwa bayan azahar, da niyyar ya ɗan lumshe ido, bai farka ba sai da la'asar ta kusa wucewa. Ba wanda ya yi sallama da shi, ba wanda ya aiko a ce ana jiransa a zaure. Da ya tashi ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga ruwa, Asma tana jan hannunsa, Aliyya tana daga tudu tana dariyar da rabon da ya ji ta tun suna amarci. Ya ji daɗi, daɗi na gaske, har ya ce a ransa ashe Turawan nan ba duka haukarsu ce hauka ba.

Washegari da hantsi ya kunna waya don ya ɗauki hoton yara, sai ya ga kiran Almu jere-jere. Mutumin da yake zaune a ƙasar waje ya san kira irin wannan ba ya zuwa da alheri. Ya koma gefe ya buga.

"Yaya, ina wuni? Kun sauka Abuja ne, ko kun kamo hanya?"

"Wace hanya? Almu, lafiya dai? Inna fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Ita ce ma ta hana ni sakat. Tun shekaranjiya aka share ɗakinka aka yi turare. An surfa gero, an yi dambun nama, yau kuma ta sa an kama zakaru biyu. Ga ta can ta fito da tabarma bakin ƙofa."

"Wa ya ce mata ina zuwa?"

"Haba Yaya, ai rediyo. Ran Litinin ba kai ka karanta labarai ba, abokin aikinka Maitama ne. Ran Talata ma shi ne. Sai ta ce to, mai rediyo yana hanya. Na ce mata bana ba ka ce mini komai ba, ta ce wataƙila ba-zata za ka yi mana. Ai duk shekara haka ne, kafin in buɗe baki in gaya mata ranar zuwanka ta riga ni sani."

Kabir ya zauna a kan wani dutse ba tare da ya duba ba. "Inna tana jin shirinmu?"

Almu ya yi dariya, irin ta wanda aka yi wa tambayar yara. "Da la'asar ta yi take shiga ɗaki da rediyonta ta saki labule. Ko gobara ake yi ba mai shiga. In ka tambaye ta, sai ta ce tana so ta ji ko za a yi ruwa. Ruwan Bakori kuma daga Amurka! Ranar da ka yi tari a tsakiyar labarai, a cikin azumin nan, sai da ta hana kowa barcin rana, wai a nemo zuma a aika maka. Kai ba ka sani ba?"

Bai sani ba. Shekara da shekaru yana zama gaban makirfo yana cewa masu sauraro assalamu alaikum, yana hango direbobi da masu shayi da 'yan kasuwa, bai taɓa hango tsohuwa guda a bayan labule ba. Kunya ta rufe shi, tausayi ya biyo baya, ya rasa wanne ya fi ciwo. Ya gaya wa Almu inda yake, ya roƙe shi ya ce mata aiki ne ya tura shi wani gari.

"A'a Yaya, ka yi haƙuri. Ni zan zauna da ita bayan ka kashe waya. Ka faɗa mata da bakinka."

Ya koma wurin iyalinsa ya ba su labari, ya ce zai nemi jirgi yau ɗin nan. Aliyya ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baban Asma, daga nan sai ka koma Amurka, daga can ka nemi wani jirgin. Kafin ka isa Bakori hutun ya ƙare, ka kwana ɗaya ka juyo. Ka ɓata wa yara, ita kuma ba ka gyara mata ba." Asma tana zaune da yashi a ƙafafunta tana kallon ƙasa.

"Ni na jawo," ta ce daga baya. "Bari ni in gaya mata."

"Ba ke kika ɓoye ba," in ji Kabir. "Ni na ɓoye."

Ya sake bugawa, ya ce a kai wa Inna. A Bakori la'asar ta yi. Ya ji takun Almu, ya ji kukan akuya, ya ji an ce ga shi. Ko da yake ba ta ganinsa, sai ya sami kansa a durƙushe a kan yashi.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Inna, bana ba zan samu zuwa ba. Ba aiki ba ne kuma. Na kawo yara wani wuri ne a bakin teku mu huta. Ya kamata in faɗa tun da wuri, ban faɗa ba. A yafe mini."

Ya duba wayar ko ta katse. Can ta ce, "To." Sai kuma ta ce, "Ina ƙawata? A ba ni ita."

Ƙawarta ita ce Asma, don abin da aka hana ɗa jika ake juye wa. Asma ta karɓa ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, saboda Hausar Inna takan fi ƙarfinta, sai uwarta ta taya ta. Nan take muryar tsohuwa ta sake, kamar ba ita ba.

"Ke 'yar nema, ke kika sace min baƙi ko? To zakaruna sun tsira, sai su yi miki godiya. Dambun kuwa zan raba wa maƙwabta, ko ƙwaya ba zan ajiye miki ba."

"Inna, yi haƙuri," in ji Asma. "Ni na ce mu zo."

"Haƙurin me? Ruwan da yawa?"

"Da yawa sosai. Ba a ganin ƙarshensa."

"To kada ki bar shi ya shiga, bai iya ba. Tun yana ƙarami rafi ya taɓa jan sa." Sai kuma ta ce, "Yana barci kuwa?"

Asma ta dubi ubanta. Ya kawar da kai yana kallon teku. "Jiya ya yi barci da rana, har da minshari."

"Madalla. Ku bar shi ya yi. Tun kafin azumi nake jin gajiya a muryar nan, numfashi yake ja a tsakiyar magana. In ya zo nan ma ba barinsa suke ya runtsa ba." Sai ta sassauta murya, yadda ake yi idan za a gaya wa ƙawa abin da ba a gaya wa kowa. Ko ta san ana jin ta, ko ba ta sani ba, Allah kaɗai ya sani. "Ke yarinya ce, ba za ki gane ba. In ya zo, mutane ne cike da gida, ido a kaina. Ban da damar in ɗaga kai in dube shi, har ya zo ya tafi. Shi kuwa akwatin rediyon nan, ba mai cewa na yi rashin ta-ido. In zauna in ji abina har ya gama."

Aliyya ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Kabir bai motsa ba. Hawaye yake yi, a gaban 'ya'yansa da Turawa da kowa, kuma bai damu ya share ba.

"Tambaye shi yaushe zai dawo," in ji Inna.

"Baɗi, in Allah ya yarda," Asma ta yi saurin cewa. "Duk za mu zo, ni ma zan zo daga makaranta."

"Allah ya kai mu. Baɗi ta mai rai ce. Ni bakin aikinsa nake tambaya."

Asma ta miƙa wa ubanta wayar. Ya karɓa ya ce, "Litinin ta sama, Inna."

Sai suka ji ta juya tana magana da wanda yake kusa da ita, da muryarta ta kullum.

"Almu, naɗe tabarmar nan ka shigar da ita ciki. Ka sayo mini batir kafin Litinin, na ciki sun yi sanyi."