Ranar da Baiwa Ta Bar wa Tsuntsaye Gona

…kuma cikin duk ranakun Allah, sai yau Baiwa ta zo makaranta. Malama Riskuwa tana tsaye bakin aji huɗu, hannunta a kafaɗar yarinyar. Shugabar makaranta guda, da furfurarta, ta kasa cewa "koma gida." Me ke da wuya a ciki?

Masu awon karatu daga Abuja suna hanya, an ce har sun baro Argungu. Za su tsamo yaran da suka ga dama, su miƙa takarda, su danna agogo. Mai karatu da gudu ya ci. Mai lalube… sifiri. Bara makarantar ta faɗa jan layi. In ta sake bana, rufewa za a yi, a haɗe su da ta ƙetaren gulbi. Wane uba zai riƙa sa 'yarsa a kwalekwale kullum safe don boko? Ita kanta ba za ta sa tata ba.

"Sallami masu rauni, Malama," in ji Malam Munzali sufeto jiya a waya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya. "Lokacin jan-baki ne, yara duk suna fadama korar tsuntsaye. Wa zai tambaya?" Ba wanda zai tambaya kam. Rabin ajin suna can cikin shinkafa, suna jan igiyar gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe. Ƙarin mutum ɗaya… ai ba ƙarya ba ce sosai. Ko ƙarya ce?

Ta tuna zauren taron nan na Birnin Kebbi, sanyin na'ura har cikin ƙashi — wani mai babbar riga yana dukan tebur: yaron Abuja da yaron fadama, a auna su da mudu ɗaya? Wata ta miƙe: in kun rage mana mudu, kun ce 'ya'yanmu ba su kai ba ke nan. Riskuwa ta tafa wa wannan, ta tafa wa waccan. Kowa da gaskiyarsa. Aka ci shinkafa da kaza, aka yi addu'a, aka watse. Ba wanda ya faɗa mata yadda za ta yi da Baiwa.

Baiwa mai karatu da yatsa. Shekara da shekaru haruffa suna wasan ɓuya da ita, har malamai suka sallama wa Allah. Sai damanan nan, a gindin darbejiya bayan an tashi, "ba" ya haɗu da "ba," yarinya ta ɗago kai ta ce, "Baba?" Riskuwa ta juya baya don kada a ga hawayenta. Yanzu tana karatu, wallahi tana yi — sai dai a hankali, kamar tsohuwa na taka laka. Agogo kuwa ba ruwansa da inda mutum ya faro.

Ga Labbo can a gindin bishiyar, uban Baiwa, laka har gwiwa. Da kansa ya kawo ta. "Malama, ga ɗiyakki nan. An ce manya za su taho su ji karatu nata. Jan-baki su ci na yau, ba komi." Ba komi… shi da ba shi da wani mai tsare masa gonar. Yanzu haka sun sauka, baƙi ƙirin, suna tsotse shinkafa tun tana nono. An wanke wa Baiwa hijabi. Har tozali aka sa mata.

Riskuwa ta gaji. Gajiyar da ba ta kwanciya ba ce. Yaran nan duka, su Sauda, su Ummu Hani, waɗanda ba za su taɓa ƙetare gulbi ba… za a jefar da su don yatsa ɗaya mai lalube? To in ta ɓoye yarinyar, aka ci awo, makaranta ta tsira — makarantar wa? Wadda ake ɓoye Baiwa a cikinta?

Ƙarar mota daga hanyar Augie. Labbo ya miƙe yana kakkaɓe riga, yana murmushi.

"Malama," Baiwa ta ɗago kai, "ni za a fara kira?"

Hannun yana nan a kafaɗarta. Bai tura ba, bai jawo ba… nauyi kawai yake ƙarawa.