Inda Za a Ajiye Fiyanon Baba

Da Baba ya dawo gidana da zama bayan rasuwar Mama, akwati biyu kawai ya zo da su, sai fiyanonsa. Irin na tsaye ne, wanda ake jinginawa da bango, kuma da shi ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da kiɗa. Sai da ƙarti huɗu suka yi gumi kafin ya hau benenmu.

Ranar farko aka manna shi da bangon falo. Baba ya buga, ya yamutsa fuska.

"Kun toshe masa baki. Ta baya sautinsa yake fita. A ja shi gaba kamar faɗin tafin hannu."

Maigidana ya ja. Washegari Baba ya ce taga ta yi kusa, rana za ta busar da katakon. Aka mayar da shi bangon ciki, nan kuma sanyin iyakwandishan yana dukansa. Aka gwada kusurwa, ya ce gurnani yake yi. Cikin mako biyu sau bakwai aka matsar da shi. Tayoyinsa suka karce min tayil, maigidana kuwa ya koma ɗaura takalmi da ƙyar saboda ciwon baya.

Ƙorafin Baba ɗaya ne kullum. "Sautuka masu kaurin lafiya lau. Siraran ne suka mutu, kamar ana buga cokali a kan katifa."

Ya ce labulena ne ke shanye su, na cire. Ya ce kafet, na naɗe. Falon ya koma kamar shagon da aka kwashe kaya, ko tari ka yi sai ya amsa. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hawo sau biyu tana ba da haƙuri a rage ƙarar.

Ranar nan na gaji, na ce, "Baba, ni fa ina jin su, har cikin haƙorana."

Ko juyowa bai yi ba. "Ke kunne gare ki? Shekara shida na ɓata a kanki, ko waƙa ɗaya ba ki kai ƙarshenta ba."

A gaban 'ya'yana ya faɗa. Na shige kicin na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Daga ƙarshe ya kira Dogo, mai saita fiyano, abokinsa tun suna samari. Dogo ya buɗe murfin sama, ya ɗaure waya biyu da suka saki, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ya zaga falon yana saurare.

"Malam, kayanka lafiyarsa ƙalau. Wurin nan ma da yake, babu wanda ya fi shi a gidan nan."

"Tsufa ya kama ka, Dogo."

"Ya kama mu dai. Juya min baya, ka faɗa min guda nawa zan buga."

Baba ya juya yana tsaki. Dogo ya taɓa maɓallai biyar na can ƙarshen dama, a hankali. Duk mun ji su, tas.

"To, buga mana," in ji Baba. "Ina jiranka."

Da shirun ya yi yawa ya waiwayo, ya ga fuskokinmu. Ya dubi hannun Dogo a kan maɓallan, sannan ya dube ni.

"Kin sani?"

"Na yi zato, Baba. Ƙararrawar ƙofa ma ba ka ji."

"Kika zuba min ido ina juya mijinki kamar mahaukaci."

Ina jiran ya janye maganar da ya taɓa faɗa a kan kunnena, bai janye ba. Ya rufe fiyanon, ya murza makulli, ya jefa a aljihu.

Mun kai shi asibiti, aka ba shi na'urar da ake sawa a kunne. Kwana ɗaya ya sa ta. Ya zauna ya buga na 'yan mintoci, ya ce sautin gwangwani take ba shi, ya tura ta cikin durowa.

Dogo yana zuwa saita fiyanon duk bayan wata shida, ko ba a kira shi ba. Baba yakan miƙa masa makullin a bakin ƙofa, ya sauka ƙasa ya zauna wajen mai jarida har sai ya ga fitowarsa.