Alfadarin da Ya Harbi Lemuel

Ina cikin shanya wanki Dorkas ta leƙo ta kan shinge, ta ce in zo in taya ta juya mijinta. Kwana tara ke nan da artabun bayan bargar dawaki, inda 'yan doka suka kara da ɓarayin shanu, aka kwashe gawa uku. Tun ranar mijin nata, Lemuel, bai buɗe shagonsa na ɗinkin sirdi ba. Alfadari ne ya harbe shi, in ji Dorkas.

Muna ɗaga shi wari ya buge ni. Shekara goma ina wanke rigunan masu haƙar azurfa, na san ramin harsashi.

Na ce, "Wannan alfadarin akwai saiti."

Ta ja bargo ta rufe shi. Maganar likita kuwa ta ce kada in sake ta, bakin likita bai da ƙofa.

A lokacin shari'a ta raba garin biyu. 'Yan doka sun rantse wani ne ya fara harbi daga bayan keken ciyawa. Dangin mamatan sun ce nasu sun riga sun ɗaga hannu, mai harbin yaron 'yan doka ne. Kowane ɓangare na neman mutumin, kuma ban ga alamar shaida suke so ya bayar ba.

Washegari Haskel, mataimakin shugaban 'yan doka, ya tsaya a ƙofata yana ta yabon farin zannuwana, sannan ya tambaya ko an kawo mini riga mai jini.

Na ce, "A garin nan wace riga ce babu jini?"

Ya yi dariya, amma idonsa na kan tagar Dorkas.

Da azahar na kai wa Lemuel romo. Ya kama hannuna, jikinsa kamar garwashi.

"Odesa, ranar nan linzami kawai na je kaiwa barga."

"Wa ka kai wa?"

Ya dubi matarsa, ta girgiza kai. Kafin romon ya huce ya cika.

Ranar jana'iza Haskel da mutanensa suka tsaya gabas da kabari, dangin mamatan suka tsaya yamma, mu mata a tsakiya. Rana na dukan tsakar ka, gumi na bin wuyan kowa, amma ko mutum ɗaya bai cire doguwar kwat ɗinsa ba, kada a ga bindigar da ke ƙugunsa.