Shaidar Shaddar Malam Barau

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bai sake ni ba. Na ga na je neman rance don in sayi keken ɗinki mai aiki da wuta, wanda na shekara biyu ina haɗiye masa yawu. Bankin a kan tsamiya yake. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, shi na taka ya kai ni har bakin ƙofa.

Manajar wata tsohuwar akuya ce mai tabarau. Ta karɓi takardata ta cinye, ta ce ta karanta.

"Malam Sabitu tela, wa zai shaide ka?"

"Ranki ya daɗe, akwai liman, akwai mai unguwa."

"Waɗannan gaisuwarka suka sani. Mu nan aikin mutum muke kira."

Ta buga kofato a tebur. Sai ga mu a wani fili marar iyaka, duk abin da na taɓa ɗinkawa yana tahowa da kansa, ba kowa a ciki. Manyan riguna, kaftani, kayan makaranta, dubbai, iska ta cika su, aikin wuyansu na walƙiya a rana. Wallahi ban san hannun nan nawa ya yi wannan duka ba.

Wata malum-malum ta ce na fitar da ita kunya ranar Juma'a. Wani wando ya ce ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma ya yafe.

"Saura guda," in ji akuya. "In ta ƙi ka, ba keke."

Can ƙarshe wata farar shadda ta taho tana jan ciki, ko almakashi bai taɓa ta ba. Nan take na gane ta. Malam Barau mai gyaran rediyo ne ya kawo ta. Wata bakwai ina ce masa ya dawo jibi, yana dawowa, har Allah ya yi masa rasuwa.

Akuya ta ce, "Baiwar Allah, me kika sani game da shi?"

"Ni dai abin da na ji zan faɗa," in ji shaddar. "Zuwan maigidana na ƙarshe, wani ya ce masa ya ɗauke ni ya kai wa wani tela. Ya ce a'a, Sabitu ba maƙaryaci ba ne, aiki ne ya yi masa yawa."

Akuya ta ɗaga hatimi za ta buga mini, na riƙe mata ƙafa ina kuka, ina cewa ta dakata, ban cancanta ba.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Shaddar tana ƙarƙashin teburina a shago, cikin ledarta, da awon Malam Barau a maƙale.