Shuɗiyar Ƙofa a Ƙasan Tafki

Da muna yara Yaya bai taɓa sakar mini hannun gem ba, ko da wasa. Aikina in rakuɓe a gefensa a kan kafet ina cewa "bayanka, bayanka". In ya ci yaƙi ƙwarewarsa ce, in dodo ya turmushe shi kuwa surutuna ne ya ja. A haka muka gama Kwarin Fitilu na farko, gem ɗin da za a ba ka jarumi da takobi a sake ka a wata duniya ka yi ta gararamba. A ƙarshensa jarumin yakan ajiye takobi ya gina gida a wani ƙauye da ke ƙasan kwari, inda fitilu ke yawo a iska ba igiya ba mai riƙo. Abu biyu kacal Yaya ya bar ni na zaɓa: sunan doki da launin ƙofa. Dokin na sa masa Tsumma, don ramammen abu ne kamar an wanke ba a shanya ba. Ƙofar kuma na ce shuɗiya.

Kafin masu gem ɗin su ga damar fito da na biyu, Yaya ya yi aure ya zama mai gyaran waya, ni kuma ina guga a shagon wanki. Idonsa kuma ya tafi. A hankali abin ya zo. Ya fara da ƙorafin wai kamfanoni sun ƙanƙanta notin waya don mugunta, ya koma zargin ƙwan fitilar shagonsa, har ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi yana ta hira bai sani ba.

Da likita ya gama dubawa, ni da Anti matar Yaya ya ja zuwa baranda. Ya ce jijiyar ta riga ta lalace, ba aikin da zai tashe ta, ɗan hasken da yake gani ma tafiya zai yi. Muna komawa ɗakin Anti ta ce wa Yaya an ce a ci gaba da magani, a hankali zai washe. Na gyaɗa kai. Sai na tuna ba ya ganin gyaɗawar, dole na buɗe baki na ce haka ne.

Tun daga nan Yaya yake jira. Kullum da safe sai ya goge kayan aikinsa ya jera su a tire. Sandar da asibiti suka ba mu Anti ta cusa bayan firiji, don ya ce shi ba makaho ba ne, baƙon ciwo ne kawai. Wurin da ake koya wa mutane tafiya da sarrafa waya da murya ma ya ce a bar wa masu buƙata. Daga kujera sai gado. Ni kuwa haushi nake ji in rasa wa zan ji wa, sai in je in sauke a kan rigunan mutane.

Labarin fitowar gem na biyu a shago na fara ji, daga bakin mai ninke kaya da muke kira Alƙali, saboda ba abin da ba ya yanke wa hukunci. Ya ce kyau kam kamar ka shiga ciki ka zauna, amma sun ɓata wa tsofaffin 'yan wasa rai, kuma ba zai faɗa mini dalili ba. Ranar Asabar da rana na kai gem ɗin gidan Yaya na jona da talabijin. Ya zauna ya juya wa taga baya, ya lalubo hannun gem ɗin ya shafa maɓallansa da babban yatsa, sannan ya miƙo mini kamar mai ba da ajiyar zinare.

"Riƙe mini, Auta, kafin in warke. Ki zama idona. Kuma kada ki kashe mini mutum."

An buɗe da jarumin namu a kan dutse, ya yi furfura, gajimare na ƙasa da ƙafarsa. Na ce wa Yaya wurin yana da kyau. Ya ce kyau ba launi ba ne, in yi magana kamar mai ido. Sai na daure na fara. Na ce gajimaren kamar kumfar sabulu a baho, wasu manyan tsuntsaye suna ratsa shi da garuruwa a gadon bayansu, ana ta shanya a kan rufin gidajen. Na ce akwai bishiyoyi masu tafiya, in sun gaji su tsaya su yi barci a tsaye, ganyensu na sauka a hankali kamar ba ya son isa ƙasa. Ya lumshe idon da ba ya gani, ya kwantar da kai a kujera, ya ce to yanzu na fara aiki.

Bakinsa dai bai mutu ba. Ya ce kiɗan ya yi yawa, na farko ya fi sanin lokacin yin shiru. Ya ce ƙarar takobin kamar cokali ya faɗa kwano. Da wata tsohuwa ta tsare mu da dogon bayani kafin ta ba mu dutsen wuya mai sa mutum numfashi a ruwa, ya ce wannan ko Anti albarka. Anti ta amsa daga kicin cewa ta ji shi. Da Tsumma ya yi haniniya kuwa Yaya ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce wannan dai ba su taɓa shi ba, har yanzu kamar mai mura.

Gem ɗin yana ta nuna mini gabas, wai ana yaƙi a can. Yaya ya ce yaƙi ya jira, gida za mu fara zuwa. Na karya linzami na bi tsohuwar hanya har bakin kwarin, na tsaya.

Babu ƙauye. Tafki ne shimfiɗe daga wannan dutse zuwa wancan, lumui, ba abin da ya leƙo sai kan hasumiyar ƙararrawa. Nan na gane abin da Alƙali ya ƙi faɗa. Yaya ya matso bakin kujera yana tambaya ko mun iso. Na dubi fuskarsa, na ji bakina ya ce ga shi nan yadda muka bar shi. Na rage sautin talabijin da cewa maƙwabta na barci, na bar Tsumma a gaɓa, na nutsa.

Shi ya yi mini jagora, don taswirar ƙauyen na kansa kamar ta ɗakinsa. In wuce hasumiya, in yi hagu wajen gidan burodi, in sauka matakala, in haye gada. Ina bin maganarsa ina iyo a saman rufin gidaje. Fitilun nan ba su mutu ba, suna nan suna yawo a cikin ruwan, haskensu ya koma kore-kore, ƙananan kifaye na bin su a baya. Ciyawa ta tsiro a kan gadar tana kaɗawa. Idona na ganin wannan, bakina na faɗin wani abu dabam. Na ce yara na guje-guje a dandali, maƙeri na hura wuta, matar gidan burodi ta ɗago hannu tana gaishe shi. Ya yi murmushi ya ce yana amsawa. Kafin mu kai ƙofar gida na ce yatsuna sun gaji, sai wani satin.

Satin nan a ruwa na yi shi. Ina guga tururi na tashi, sai in ga fitila ta ratsa tsakanin rigunan da ke rataye, in ji hayaniyar titi ta yi nisa kamar na toshe kunne. Na ƙona wuyan wata farar riga, mai shago ta wanke ni tas, ban ma ji zafi ba. Ina ta tsara mutanen da zan zuba wa Yaya a ƙauyen, da abin da kowa zai ce. Tsoro nake ji, gaskiya. Na ga kamar in ƙauyen nan ya nutse a gabansa, sauran abin da muka ɓoye ma zai biyo baya.

Asabar ta dawo, na nutsa tun kafin ya gama gyara zama. Na fara jero masa mutanena, sai ya ɗaga hannu ya ce in ƙara sauti, maƙwabtan sun yi tafiya. Na ƙara kaɗan. Ya ce in ƙara. Sannan ya ce in je in kaɗa ƙararrawa, yana marmarin jin ta. A na farko in ka kaɗa ta, ƙararta takan cika kwarin, karnuka su ɗauka, yara su sheƙo. Na rasa dabara, na je na ja igiyar. Wani sauti ya fito mai nauyi, a daƙushe, kamar an buga tukunya a cikin bargo, kumfa ta biyo shi tana tashi sama.

Daga kicin ana jin famfo na zuba.

"Zurfinsa ya kai ina?" in ji Yaya.

Na ce zurfin me. Ya ce in daina, tun wancan satin ya sani. Mutum ya sauka matakalar dutse ba a ji takunsa ba, ya haye gadar katako ba ta yi ƙara ba. Kuma matar gidan burodi da na ce ta gaishe shi ta mutu tun a na farko, ni ce ma na yi ta kuka har Mama ta kashe mana talabijin. Kunya ta rufe ni, na ce don kada ransa ya ɓaci ne. Ya ce ya sani, amma ƙaryata ba ta da gishiri, duk mutanena lafiya lau suke, ko mai tari babu.

"Faɗa mini abin da ke wurin, Auta. Shi nake so."

Sai na faɗa masa. Na ce hasumiyar ce kaɗai ta kai sama, komai na ƙasa. Na ba shi labarin fitilun da kifayen da ke bin su, da maƙerar da wani jan kifi ya mayar ɗakinsa, da keken burodi da ke kife ciyawa ta naɗe ƙafafunsa. Na bi layinmu a hankali ina faɗin kowane gida. Hasken rana na saukowa tsiri-tsiri yana motsi a kan bango. Da na zo ƙarshen layin sai ga ƙofarmu tana nan, gansakuka ta ci ƙasanta, amma shuɗiya ce har yanzu. Na tura ta buɗe. Teburin na nan, tsohon takobin na rataye, kujera guda ta taso ta manne da silin. Wata fitila ta biyo ni ciki ta tsaya a tsakiyar ɗakin kamar ta san gidan.

Yaya ya jingina da kujera. Can ya ce lallai masu gem ɗin nan sun iya mugunta, amma sun iya aiki, wannan ya fi na farko. Ya ce da na bar shi da ƙauyena na ƙarya, da bai taɓa shiga ɗakin nan ba. Ya juyo da fuskarsa saitin muryata, ya ɗan kauce kaɗan, kamar yadda yake yi yanzu.

"To saura na baranda. Me likita ya ce muku?"

Famfon kicin ya tsaya. Anti ta fito bakin ƙofa da kumfa a hannu tana girgiza mini kai. Na dube ta, na dubi tiren kayan aikin da ya goge da safe, suna ta ƙyalli ba mai taɓa su. Ina son Anti, kuma na san don ƙauna ta yi, amma ni aka ce in zama ido.

"Ba zai dawo ba, Yaya. Wanda ya rage ma tafiya zai yi."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa. Anti ta zo ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa tana kuka tana ba shi haƙuri, kumfar na jiƙa masa wando. Ya dafa kanta ya ce ya isa, shi ma ya daɗe yana zargi, tsoron tambaya ne ya hana shi. Ya ce sandar da ke bayan firiji a fito da ita a goge, yana jin ta tana faɗuwa duk lokacin da aka yi shara. A talabijin jarumin na tsaye a tsakiyar ɗakinsa, furfurarsa na tashi a ruwa.

Sai Yaya ya miƙo mini tafin hannu.

"Ba ni kayana. Cewa na yi ki riƙe kafin in warke, to ba sauran jira. Koma wurinki."

Na sa masa a hannu, na sauka kan kafet na rakuɓe a gefen ƙafarsa. Yatsunsa suka sami maɓallan da kansu. Na ce ya juya dama, ƙofar na gabansa, in ya fita ya yi sama, Tsumma na jiranmu a gaɓa. Ya juya, ya taho da ƙarfinsa, ya gwabza kan jarumin da bango. Hawaye na bin gemunsa bai share ba, ya ce surutuna ne ya ja.

Na ce to ya ɗan yi hagu.