Notocin Ƙasa Guda Biyu

Shekara ashirin da shida ke nan da na san Delbert Hoskins, yayan matata, ban taɓa ganinsa a ƙarƙashin mota ba. Abin da ya iya shi ne ya tsaya gefe da farar riga, hannu a aljihu, yana faɗa wa masu aiki sunan abin da suke riƙe da shi. Duk bikin nunin tsofaffin motoci da ake yi a yankinmu na Oklahoma shi ake ba alƙalanci, don yana da murya da tumbi. Ni direban motar hatsi ne, sakandare ma ban ƙarasa ba. Saboda haka in Delbert ya yi magana 'yata Kaylene takan saurara, in kuwa ni ne sai ta ce ta ji.

Shekarar Kaylene ashirin da biyu, walda take yi a wani kamfanin tireloli. Shekara biyu ta yi tana haɗa wata tsohuwar Ford ta 1934 a garejinmu. Ta sare rufin, ta ɗora mata injin da ya fi ƙarfin jikinta nesa ba kusa ba, ta kuma sa suna a tseren ƙarshen wata. Abu ɗaya ya rage, aksul na baya, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya, mai wani tulun ƙarfe a tsakiya inda giyar mota take. Duk ƙarfin inji a kansa yake sauka. In ya fashe ana cikin gudu, tayoyi su cije, mota ta juya ta nufi katanga. Na taɓa ganin haka da idona a filin tseren nan, kuma mai motar har yau a keken guragu yake.

Ranar Asabar da hantsi Delbert ya jawo wani aksul a tirela daga gonar abokinsa. Tsatsa ta cinye shi, zanzaro har ya yi gini a jiki.

"Ga shi nan, 'yar nan," in ji shi. "Mai inci tara. Ko injin jirgi kika ɗora masa ba zai yi tari ba."

Aksul iri biyu ne masu kama da juna kamar Hassan da Husaini, mai inci takwas da mai inci tara. Mai tara shi 'yan tsere ke nema. Mai takwas na motar zuwa coci ne.

Na ce, "Ina ɗan ƙarfen lambar da ake maƙalawa a jikin noti?"

"Ya faɗi tun tuni. Ni ba na neman lamba, Royce, ido gare ni."

"Idon da ya ba wani likitan haƙori kofin gasa bara, da motar da sai da aka turo ta fili?"

"Baba, don Allah kada ku fara," in ji Kaylene.

Delbert ya tofar da tabarsa a gwangwani, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ɗan sunkuya iyakar yadda tumbi ya yarda, ya auna bayan tulun.

"Kin gani? Ya ma wuce tara."

Giyar da ke ciki ake aunawa, ba tulun ba. Mutumin da ke raba kofuna ke nan, yana awon buhu yana faɗin nauyin hatsi. Kaylene kuwa sai murmushi take yi, tana shafa tsatsar kamar an ba ta jariri.

Na shiga gareji na ɗauko soket, sifanar nan mai baki kamar kofi da ake kifawa a kan noti. Wani tsohon makanikin kamfaninmu ne ya nuna mini dabarar. Noti goma ne ke kewaye da tulun. A mai inci tara, biyu na ƙasa suna ɓuya a ƙarƙashin cikinsa, soket ba ya shiga ko za ka mutu, sai sifana mai buɗaɗɗen baki. A mai takwas kuwa duk goman suna karɓa. Na miƙa wa Kaylene, don na san in ni na gwada za a ce hannuna ne.

"Gwada na ƙasan nan biyu."

Ta durƙusa, ta kankare laka, ta kifa. Soket ya zauna daram. Ta matsa kan ɗayan, shi ma haka. Ta ɗago ta dubi Delbert.

"Kawu," ta ce, "mai takwas ne."

"To, ai akwai wasu da aka yi na musamman, ba kowa ya san su ba."

"Har da kai," na ce.

Ya duba agogo, ya tuna yana da taron kwamiti. Ko tirelar bai tsaya kwancewa da kansa ba, ni na kwance masa.

Da ƙurarsa ta lafa na ji wani sanyi a raina. Na ce, "Shi ke nan, sai baɗi. Kafin ki samo mai tara an gama tseren bana."

"Da wannan zan shiga. Zan riƙa tashi a hankali."

"Ke? Tun kina rarrafe ba ki taɓa yin komai a hankali ba."

Na san taurin kan nan, na uwarta ne, ba a tanƙwara shi. Tana jujjuya soket ɗin a hannu, sai idonta ya sauka kan a-kori-kurata, Ford ta 1972, wadda nake hawa tun kafin a haife ta. Ta tafi ta kwanta a ƙarƙashinta. Ina jin ƙarfe yana bugun ƙarfe, ta gwada, ta sake gwadawa. Ta fito da ƙasa a gashi.

"Ba ya shiga, Baba, mai tara ne. Ka san da haka?"

"Na sani."

"Shekara biyu ina nema."

"Na ce na sani."

Aksul na a-kori-kura ya fi motarta faɗi. Sai an yanke shi hagu da dama an sake haɗawa, kuma in an yanke ba zai koma inda ya fito ba. Ta sani, na sani. Ba ta roƙe ni ba, tsayawa kawai ta yi. Na dubi tarin tsatsar da Delbert ya zube mana a tsakar gida, na tuna katangar filin tsere, siminti ce, tsayinta har ƙugu.

"In na hana ki, da wancan za ki shiga?"

"Da shi."

"To, ba ke za ki yi waldar ke kaɗai ba. Ina tsaye a kanki. Kuma sandunan cikin aksul ɗin sababbi za a sa, ba tsofaffin nawa ba."

"Na yarda."

"Kawun naki kuma ko kusa da garejin nan kada ya zo."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na kwashe kayan aikina da ke bayan a-kori-kurar, na sa wa tayoyin gaba waigi, na ce ta jawo babban jak, ba ƙaramin ba.